Idon Da Ya Daina Ƙiftawa

Ranar wata Litinin da hantsi madubin aiki ya faɗo daga idon Mai Agogo, abin da bai taɓa faruwa ba a shekara talatin da huɗun da ya yi a kan wannan kujerar.

Madubin ba wani abin a zo a gani ba ne. Ɗan baƙin ƙoƙo ne da bai fi murfin kwalba ba, da gilashi a bakinsa mai ƙara wa abu girma. Ba shi da igiya, ba shi da maƙali. Mai gyaran agogo cusa shi yake yi tsakanin gira da ƙashin kunci, ya matse da naman da ya kewaye ido, sai ya zauna daram, hannuwa biyu su samu sararin aiki. Shi kuwa Mai Agogo da madubin a ido yake gaisawa, da shi yake shan shayi, da shi yake yi wa masu ajiye babur a ƙofar shagonsa masifa. Kuma kullum a idon hagu. Na daman tun yana ɗan shekara shida ƙyanda ta yi masa fari, haske da inuwa kaɗai yake rarrabewa da shi. In an ce ido ɗaya ne duk abin da mutumin nan ya mallaka a duniya ba a yi ƙarya ba, shi ma kuma ya sani.

Ya ɗauki madubin ya mayar. Ya sake faɗowa, wannan karon cikin buɗaɗɗen agogon da ke gabansa. Ya yi tsaki, tsakin ma ya fito wani iri, kamar iskar taya mai sacewa.

Dama tun safe ranar ba ta yi masa daɗi ba. Kwana biyu ke nan bayan kunnensa na hagu yana masa zugi. Da matarsa ta kawo shayi ya kurɓa ya ce babu sukari, ta ce cokali uku ta zuba kamar kullum, ya ce to sukarin ne ya tsufa, ta ce ko dai harshen. Suka yi 'yar cacar bakinsu ta tsofaffin ma'aurata, ya fito da ɗigon shayi a gaban rigarsa bai ma lura ba.

Maƙwabcinsa mai gyaran waya, wanda kowa a layin ke kira Injiniya, ya leƙo ta saman katakon da ya raba shagunansu. Mutum ne mai tsokana. Shekara goma yana gaya wa Mai Agogo cewa sana'arsa ta mutu, binnewa ce kawai ba a yi ba, shekara goma kuma abincin rana ba ya shigar masa sai tare da shi.

"Baba, wa kake yi wa gatsine tun da hantsi?"

"Wane gatsine kuma?"

Injiniya ya daina dariya. Ya zagayo, ya kunna kyamarar wayarsa ya ɗora ta a gaban fuskar tsohon.

Bakin ya goce zuwa dama kamar an sa ƙugiya an ja. Ɓangaren dama duk a tattare yake, gira a ɗage, tamoji sun taru a gefen ido. Hagu kuwa sumul. Layukan da shekaru suka zana a goshin sun goge, kuncin ya kwanta luf. Gaban Mai Agogo ya faɗi. Amma tsoron bai daɗe ba, don mutum ne da ya saba a kawo masa abu a lalace ya gano inda matsalar take kafin mai shi ya gama bayani, kuma wannan sabon ne ya kai shi ya baro shi.

"Ka gani?" Ya nuna kuncin dama da bakin hantsaki. "Jijiyar nan ce ta ɗaure. Ga ta can tana ja. Ta ja fatar duka, shi ya sa hagu ya rasa inda zai kama madubi. Alhamdu lillahi da abin ya tsaya a dama. Dama can ɓangaren nan ba shi da sa'a tun ina yaro."

"Baba, tashi mu je asibiti."

"In je in wuni a kan benci don baki ya goce? Kai da ba ka san aiki ba, da waya ta yi tari sai ka canza mata hanji gaba ɗaya. Abin da ya ɗaure sassauta shi ake yi."

Ya tsallaka titi ya sayo man zafi a kemis. Mai kemis ya miƙo masa kawai, don ba tambayarsa aka yi ba, gaya masa aka yi.

Da ya koma gida da la'asar, matarsa na ganinsa ta saki tsintsiyar da ke hannunta. Ta yi salati, ta kama haɓarsa ta juya shi ta nan, ta juya shi ta can. Ya yi mata bayanin jijiyar da ta ɗaure dalla-dalla, har da zane a tafin hannu. Ta saurara, don shekara talatin da ɗaya tana sauraron bayaninsa a kan komai, daga famfo har ciwon ciki, kuma sau da yawa yakan yi daidai.

"Malam, wallahi ta nan ɓangaren ka koma kamar ranar da na fara ganinka," in ji ta, tana shafa kuncin hagu. Ta yi dariya kaɗan. "Amma dai a je a gani."

"Za a je. Bari in gama agogon Sista."

Agogon Sista shi ne ya hana shi sakat makonni biyu kafin wannan rana. Sista tsohuwar ungozoma ce ta asibiti, ta yi ritaya da daɗewa amma sunan bai bar ta ba. Agogon hannu ne ƙarami, irin wanda ake murɗa wa kai kowace safiya, da shi ta yi shekara arba'in tana ƙirga bugun zuciyar jarirai. Jikarta ce ta yar da shi a siminti. Masu gyara uku sun ce a cire cikin a sa na batir, ta ƙi. Matsalar tana ga wata siririyar waya mai kaurin gashi ɗaya, wadda ke naɗe kamar bayan katantanwa, ita ce ke buɗewa tana rufewa agogo ya riƙa bugawa. Ta harɗe wuri biyu. Babu inda za a sami sabuwa. Sai dai mutum ya sa hantsaki biyu ya warware ta a hankali, kuma in hannu ya goce da kaurin numfashi shi ke nan, ta tafi. Mai Agogo ya ce wa Sista ta tafi wajen ɗiyarta ta dawo, za ta same shi yana tafiya. A gaban Injiniya ya faɗa, wannan ne ya sa maganar ta zama dole.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne tsufa ya fara taɓa idon. Duk lokacin da ya kama wayar ya kai daidai wurin lanƙwasawa, sai idon ya gaji ya ƙifta, in ya buɗe ya rasa inda yake. Sau nawa yana ajiye hantsakin yana zagin kansa a zuci.

Washegari ya buɗe gwangwanin ɗinkin matarsa ya yanko robar wando. Ya huda madubin gefe biyu, ya ɗaura, ya zagaya ta bayan kai. Madubin ya zauna. Ya jawo fitilar aiki kusa har yana jin zafinta a goshi, ya kunna 'yar fankar tebur saboda gumi, ya sunkuya.

Sai da ya yi kusan rabin awa sannan ya lura. Idon bai ƙifta ba. Wayar tana nan a gabansa, ba ta ɓace ba ko sau ɗaya. Ya ci gaba da kallo, yana jira ya ji fatar idon ta sauko kamar yadda ta saba cin amanarsa, ba ta sauko ba. Wani farin ciki ya kama shi irin wanda rabonsa da shi tun yana saurayi. A ransa ya ce lallai Allah ba ya rufe ƙofa duka, ya karkata masa baki ya ba shi idon da kowane mai gyaran agogo zai yi mafarkinsa. Ranar ya warware harɗewar farko.

Haka kwanakin suka riƙa tafiya. Safe da yamma matarsa tana murza masa kuncin dama da man zafi har ya yi ja, ta ɗora tsumma mai ɗumi. Bakin bai dawo ba. Ruwa in ya kurɓa sai ya zubo ta gefe, abinci ya riƙa maƙalewa a kuncin hagu sai ya sa yatsa ya turo. Ya daina cin abincin rana da Injiniya, ya ce ba ya jin yunwa, alhali kunya ce. Ya so ya hure ƙura daga kan tebur, iskar ta fita ta wani wajen. Masu wucewa kowa da maganinsa: wani ya ce iskar fanka ce ta buge shi, wani ya ce hawan jini ne, wata mai sayar da lemo ta ce kawunta haka ya fara, ba ta ƙarasa ba ta wuce.

Sannan ga ƙara. Agogon bango goma sha bakwai ne a shagon, kuma shekara da shekaru ba ya ma jin su. Yanzu kowane bugu sai ya ji shi cikin kunnen hagu kamar ana dukan farantin ƙarfe da cokali. A rana ta huɗu ya kasa jurewa. Ya tashi ya bi su ɗaya bayan ɗaya, na batir ya zare batir, masu lilo ya tare lilon da yatsa. Shagon ya yi tsit.

"Baba, rasuwa aka yi?" in ji Injiniya ta saman katako.

Mai Agogo ya koma kujerarsa. Shi kansa shirun ya ba shi tsoro.

Idon kuwa ya fara yaji, kamar an watsa masa yashi. Ya yi ja. Hawaye ya riƙa gangarowa ta kuncin hagu ba kuka ba komai, ya ajiye hankici a cinya yana gogewa. Ranar Asabar bayan azahar ya ɗan kishingiɗa a falo, barci ya ɗauke shi. Salatin matarsa ne ya tashe shi. Tana tsaye a kansa, hannu a ƙirji.

"Malam, idonka a buɗe kake barci. Farin kawai ake gani. Na rantse na ɗauka…"

"Ke dai da tsoro. Ni da nake ganin duhu za ki ce idona a buɗe? Duba." Ya runtse idanunsa, duhu ya rufe shi. "Ga shi nan."

"Bai rufu ba."

"Maman yara, ni ne a cikin idon nan ko ke?"

"To ko don jan da ya yi a je. Kada ya bushe."

Ya nuna mata hankicin, jiƙe sharkaf. "Idon da ke zubar da ruwa haka ta ina zai bushe? Gajiya ce. Kwana uku ya rage mini."

Ba ta yarda ba. Ta kira babban ɗansu a waya, ɗan ya kira uban, uban ya ce ai ka san uwarka, ƙaramin abu sai ta mai da shi babba. Aka bar maganar a kan sai an gama agogon Sista.

A rana ta tara ya gama. Ya warware harɗewa ta biyu, ya mayar da wayar mazauninta, ya ɗiga mai da bakin allura, ya murɗa kan agogon sau shida. Ɗan ƙaramin gare-garen da wayar ke juyawa ya yi rawa, ya tsaya, ya sake rawa, sannan ya kama tafiya. Mai Agogo ya ɗaga kai don ya kira Injiniya ya zo ya ga abin da ake kira aiki. Ya cire madubin. Titin da ke gabansa ya ga ya yi hazo, kamar ana kallonsa ta gilashin da aka yi wa numfashi. Ya goge idon da hankici. Hazon bai tafi ba, sai ma zafin da ya soke shi har cikin kai. Ya mayar da madubin ya dubi agogon. Wayar da ya gani tar minti biyar da suka wuce, yanzu wani farin gajimare ya zauna a tsakiyarta, duk inda ya juya ido yana biye da shi.

Bai kira Injiniya ba. Ya zauna da hannu biyu a kan tebur, yana gaya wa kansa gajiya ce.

Washegari da safe Sista ta zo. Gajeruwar tsohuwa ce mai tabarau da sandar ƙarfe, muryarta irin ta wadda ta saba ba da umarni a ɗakin haihuwa. Matar Mai Agogo ma tana shagon, don ranar ta ce ƙafarta ƙafarsa. Ya miƙa agogon da hannu biyu, yana jiran ta kara a kunne. Sista ba ta ko kalli agogon ba, fuskarsa take kallo.

"Tun yaushe?"

"Kwana goma. Jijiyar dama ce ta ɗan ɗaure, muna gasawa."

"Dama?" Ta ajiye sandar a jikin tebur. "Ɗaga mini girarka. Duka biyun."

Ya ɗaga. Ta dama ta hau, ta hagu ko motsi.

"Hura kumatunka."

Iska ta fice ta gefen hagu da wata 'yar ƙara mai ban kunya.

"Rufe ido."

Ya rufe. Duhu.

"Na ce ka rufe."

"Ai na rufe, Sista."

"Ba ka rufe ba. Ƙwayar ce ta gudu sama ta ɓuya, shi ya sa kake ganin duhu. Fatar tana nan a buɗe, har zan iya sa ɗan yatsana." Ta juya ga matar. "Wane ɓangare kuke gasawa?"

Matar ta nuna dama.

"Ƙanwata, lafiyayyen kuke gasawa. Wannan da ya tattare shi ne mai rai, ja yake yi don babu mai ja da shi ta ɗaya gefen. Wannan mai kyan, sumul ɗin nan, shi ne ya shanye." Ta kama haɓarsa ta juya shi wajen haske, ta leƙa idon ta ƙasan tabarau. Abin da ta gani ya sa muryarta ta sauka. "Ɗayan yana gani?"

"Haske kawai."

"Rufe shagon nan. Yanzu."

Injiniya ne ya tare musu mota, shi ya ja ƙofar shagon ya sa kwaɗo. Ko kalma ɗaya ta tsokana bai yi ba, wannan ya fi komai tayar wa Mai Agogo da hankali. Sista ta shiga gaba, da sandarta da muryarta ta ratsa da su layin asibitin ido har ƙofar likita, sannan ta zauna a waje.

Likitar mace ce da ba ta wuce sa'ar 'yarsu ta biyu ba. Ta sa ya maimaita duk abin da Sista ta sa shi, ta ƙara da cewa ya ɗaga hannuwa, ya matse yatsunta, ya taka zuwa ƙofa ya dawo. Ta leƙa kunnensa. Sannan ta ɗora tafin hannunta a gaban kunnensa na hagu, ta baza yatsu biyar a kan fuskarsa.

"Baba, ba shanyewar ɓarin jiki ba ce, ka kwantar da hankalinka ta nan. Da ita ce, yawanci goshin zai motsa. Jijiya ɗaya ce tak. Daga ƙwaƙwalwa take fitowa, ta bi ta wani siririn rami a cikin ƙashin kunne, ta ɓullo nan ƙasa, sannan ta rabu biyar kamar yatsun nan nawa. Wannan ke ɗaga gira. Wannan ke rufe ido. Wannan kunci da leɓen sama, wannan leɓen ƙasa, wannan fatar wuya. Tun tana cikin ramin take aika reshe zuwa gaban harshe don ɗanɗano, da wani zuwa ɗan naman da ke rage ƙarfin ƙara a cikin kunne. Abinci ya daina yi maka daɗi?"

Matar ta ce, "Ya ce sukarina ya tsufa."

"Ƙara fa?"

Ya gyaɗa kai.

"To in jijiyar ta kumbura a cikin ramin nan, ƙashi ba ya buɗa mata. Sai ta matse, saƙo ya daina wucewa."

Ya gane sarai, har ya fi yadda yake so ya gane. Waya ce ta matse a bututu, can nesa da inda fitila ta mutu. Shi da yake yi wa mutane faɗa kullum cewa ba hannun agogon da ya tsaya ne ya lalace ba, a ciki ake nema.

"Da kun zo cikin kwana ukun farko akwai ƙwayoyin da ke saukar da kumburin da wuri," in ji likitar. "Duk da haka yawancin mutane fuskar tana dawowa, wasu cikin makonni, wasu watanni. Fuskar ba ta dame ni ba, Baba. Zo nan."

Ta zaunar da shi gaban wata na'ura, ya ɗora haɓa a kan ƙarfe. Ta ɗiga masa wani ruwa mai rawaya, ta haska shuɗin haske. Ta daɗe tana kallo. Ya san irin wannan daɗewar, shi ma yakan yi ta in ya buɗe agogo ya ga tsatsa ta riga shi, yana neman yadda zai gaya wa mai shi.

"Wane aiki kake yi?"

Ya gaya mata. Ya gaya mata har da robar wandon, da fitilar, da fankar. Da ya zo kan yadda ya yi murna da idon ya daina ƙiftawa, muryarsa ta shige ciki, amma ya faɗa.

Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce ƙiftawar nan da ya tsana ita ce ke wanke ido ta shafa masa ruwa, sau goma sha wani abu a kowane minti, tun ranar da aka haife shi. Hawayen da yake gogewa kuwa zubewa yake yi a banza, don fatar ƙasa ta saki, babu mai shimfiɗa shi a kan ƙwayar. Gaban idon, wurin nan mai haske kamar gilashin agogo, ya bushe ya tsage, ƙwayoyin cuta sun shiga, ya zama gyambo.

"A ina?" ya tambaya.

"A tsakiya."

Matar ta fara kuka a hankali, ta toshe baki da gefen mayafi.

"Likita, ki gaya mini gaskiya, ni ma mai gyara ne. Zai gyaru?"

"Idon za mu yi ƙoƙari mu tsirar da shi, kuma ina sa rai. Gyambon zai warke in an bi magani. Amma zai bar tabo, kuma tabon yana kan hanyar gani. Za ka ga titi in Allah ya so, za ka gane fuskar mutane."

"Cikin agogo fa?"

Ta dube shi, ba ta kawar da kai ba. "Ba zan yi maka alkawarin wannan ba, Baba."

Ya ji maganar ta sauka masa har ciki. Baƙin ciki ne, amma abin da ya fi cin sa shi ne babu wanda zai ɗora wa. Ba mota ce ta buge shi ba, ba wani ne ya jefe shi ba. Da hannunsa ya huda madubin, da hannunsa ya jawo fitilar, yana yi yana godiya.

Likitar ta jera kwalabe biyu da bututun man ido da naɗin filasta a kan tebur. Ta ce magani kowace awa, tsakanin ɗigo da ɗigo kuma idon ya zauna a rufe, tunda shi ba zai iya rufe kansa ba. Jibi su dawo. In bai yi ba, za a ɗinke gefen fatar na ɗan lokaci.

"Mama, matso. Ke za ki riƙa yi, gara ki koya a gabana. Ki sa yatsa nan sama da gashin idon, ki jawo fatar sama a hankali har ta haɗu da ta ƙasa, ki riƙe, sannan filasta a kwance."

Matar ta goge hannunta a zani ta matso. Ta ɗaga yatsa har ya kusa taɓa shi, sai ta tsaya. Idon yana kallonta, ja wur, a buɗe. Ta janye hannun.

"Likita, sau ɗaya na taɓa yi wa mutum haka a rayuwata. Mahaifiyata ce."

Mai Agogo ya laluba ya kamo hannunta, ya ɗora yatsan a kan fatar idonsa da kansa.

"Rufe, maman yara. Ni da raina."

Ta rufe. Ya ji sanyin yatsanta, ya ji filastar ta kama. Abin da ya rage masa shi ne farin hazon idon dama, da wata inuwa a cikinsa wadda ya san ita ce don ƙamshin sabulunta.

Suka fito. Ya ji muryar Sista tana tambaya, ya ji matarsa tana amsawa ƙasa-ƙasa. Ya dafa kafaɗarta, tana gaya masa ga mataki, saura biyu, saura ɗaya, ga kwata. A bakin ƙofar asibitin zafin rana ya sauka a fuskarsa, ya tsaya. Ya ɗaga hannun hagu zuwa gaban fuska kamar yadda ya saba yi sau ɗari a wuni, ya riƙe shi a nan, sannan ya sauke.

"Ƙarfe nawa?"

Ta kama hannun nasa, ta juya shi, ta sunkuya ta karanta daga agogon da ke ɗaure a wuyan hannunsa.

"Sha biyu saura kwata, Malam."

Ya gyaɗa kai. Suka ci gaba da tafiya, tana gaba yana dafe da ita. Ba su kai bakin titi ba ya sake tambaya.